Jirgin Ja Zouave da Toshe Gaɓar Jihohin Kudu na Amurka, 1861 zuwa 1865: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya karanta labarin gumurzun da aka yi a ruwan Hampton Roads na jihar Virginia a watan Maris na 1862, lokacin yaƙin basasar Amurka, zai ci karo da sunan wani ɗan ƙaramin jirgin ja, Zouave, wanda akan ambata a layi ɗaya ko biyu a wuce zuwa ga manyan jirage masu sulke. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai da masu sha'awar tarihin yaƙin ruwa suka fi maimaitawa a kansa, an kuma jera su daga masu sauƙi zuwa masu bukatar bayani.

Mene ne jirgin ja, kuma me ya kai irinsa fagen yaƙi?

Jirgin ja ƙaramin jirgin ruwa ne mai inji ƙaƙƙarfa, wanda ba a ƙera shi don ɗaukar kaya ko fasinja ba, sai don ya ɗaura wa babban jirgi igiya ya ja shi, ko ya sa masa goshi ya tura shi, a wuraren da babban ba zai iya sarrafa kansa ba, kamar bakin tasha da mashigar kogi. A tsakiyar ƙarni na 19 injin tururi yake amfani da shi, ana hura masa wuta da kwal.

Abin da ya kai shi yaƙi shi ne halin da jiragen yaƙi suke ciki a lokacin. Da yawa daga cikin manyansu ba su da inji ko kaɗan, da iska suke tafiya, don haka ranar da iska ta kwanta, jirgi mai igwa hamsin ba shi da bambanci da kututture a kan ruwa. Masu injin ma nauyinsu yakan sa su nitse sosai, ba sa iya kusantar gaɓa ko kutsawa cikin koguna. Jirgin ja kuwa yana motsi ko da iska ko babu, kuma ruwa kaɗan ya ishe shi. Da aka ɗora masa igwa ɗaya ko biyu, sai ya zama mai ja, ɗan aike kuma mai gadi a lokaci guda.

Wane yaƙi ake magana, kuma me ake nufi da toshe gaɓa?

Yaƙin basasar Amurka ne, wanda aka gwabza daga 1861 zuwa 1865 tsakanin gwamnatin tarayya, wato jihohin Arewa, da jihohi 11 na Kudu da suka ɓalle, akasari don kare tsarin bautar da bayi da tattalin arzikinsu na auduga ya dogara a kansa. Ranar 19 ga Afrilun 1861 Shugaba Abraham Lincoln ya ba da sanarwar toshe tashoshin ruwan jihohin da suka ɓalle, ranar 27 ga watan kuma ya ƙara da Virginia da North Carolina. Manufar ita ce auduga kada ta fita, makamai da sauran kaya kuma kada su shiga. Mai karatu a Najeriya zai iya tuna cewa irin wannan dabara sojojin ruwan Najeriya suka yi amfani da ita a gaɓar gabashin ƙasar tun daga 1967.

Sanarwa abu ne mai sauƙi, cika ta ne aiki. Tsawon gaɓar ya kai kimanin mil 3,500, cike da bakin koguna da lunguna da tsibirai, alhali jiragen da rundunar ruwan Amurka take da su a bakin aiki a farkon yaƙin 42 ne kacal, wasunsu ma suna can nesa a wasu tekuna. Ga kuma sharaɗin da ƙasashen Turai suka amince da shi a Paris a 1856, cewa ba a mutunta toshewa sai idan akwai jiragen da ke tsare wurin da gaske. Amurka ba ta sa hannu a wannan yarjejeniya ba, amma tana bukatar Ingila da Faransa su yarda cewa toshewarta ba ta takarda ba ce. Wannan matsi ne ya sa sakataren sojan ruwa, Gideon Welles, ya shiga sayen duk abin da ke iyo yana kuma iya ɗaukar igwa: jiragen fito, jiragen kasuwa, jiragen ja. Kafin yaƙin ya ƙare rundunar ta mallaki jirage fiye da 600.

Daga ina Zouave ya fito?

An ƙera shi a 1861 a birnin Albany da ke bakin Kogin Hudson a jihar New York, don aikin kasuwa na jan jirage. Jirgi ne mai farfela, nauyinsa tan 127, abin da ke nuna ƙanƙantarsa idan aka tuna cewa manyan jiragen da ya yi wa hidima sun ninka shi fiye da sau goma. Rundunar ruwa ta saye shi a New York ranar 20 ga Disamban 1861, a cikin guguwar sayayyar da aka yi bayani a amsar da ta gabata, aka ɗora masa makami, ciki har da igwa ƙirar Parrott mai harsashi laba 30, aka tura shi ayarin da ke tsare gaɓar Atlantika ta arewa. Wanda aka ba wa ragamarsa shi ne Henry Reaney, kuma a farkon Fabrairun 1862 ya riga ya kama aiki a Hampton Roads.

Me ya sa jirgin Amurka yake ɗauke da suna irin wannan?

Asalin sunan daga Afirka yake. Bayan Faransa ta mamaye Aljeriya a 1830, ta kafa wata rundunar ƙasa da mutanen Zuwawa, wata ƙabilar Barbar ta tsaunukan Kabiliya, kuma daga sunansu ne Faransawa suka samo kalmar. Daga baya rundunar ta koma ta Faransawa zalla, amma ta riƙe kayan sawarta: buje mai faɗi, 'yar shara gajera da jar dara. Sunan da ta yi a Yaƙin Kirimiya ya kai Amurka, inda wani matashi, Elmer Ellsworth, ya zagaya birane a 1860 da tawagar masu fareti cikin irin wannan shiga. Da yaƙi ya ɓarke, bataliyoyi da dama a ɓangarorin biyu suka ɗauki sunan da kayan. Jirgin da aka ƙera a 1861 kuwa, ba abin mamaki ba ne a raɗa masa sunan da ake yayi a shekarar.

Ina ne Hampton Roads, kuma me ya ba wurin muhimmanci?

Wani faffaɗan ruwa ne a jihar Virginia inda kogunan James, Nansemond da Elizabeth suke haɗuwa kafin su zuba a mashigin Chesapeake. Wanda ya riƙe shi ya rufe hanyar teku ta Norfolk da kuma ta Richmond, babban birnin 'yan aware. Arewa tana riƙe da gefen arewacin ruwan, wato sansanin Fort Monroe da Newport News, Kudu kuma tana riƙe da gefen kudu, har da babbar ma'aikatar jiragen ruwa ta Gosport da ke kusa da Norfolk, wadda sojojin tarayya suka cinna wa wuta suka gudu ranar 20 ga Afrilun 1861. A cikin jiragen da suka nutsar a ranar akwai Merrimack, wanda 'yan Kudu suka tsamo, suka rufe shi da ƙarfe mai kaurin inci huɗu, suka sa masa ƙahon ƙarfe a goshi don tunkuyi, suka kuma sauya masa suna zuwa Virginia.

Wurin yana da wani tarihin da bai kamata a tsallake ba. A tsinin ƙasar da aka gina Fort Monroe ne aka sauke 'yan Afirka na farko da aka kawo Virginia a 1619, kuma a wannan sansani ne a watan Mayun 1861 Janar Benjamin Butler ya ƙi mayar da wasu bayi uku da suka gudo ga ubangidansu, lamarin da ya sa dubban bayi suka riƙa kwararowa wurin.

Wane aiki Zouave yake yi a ranakun da babu faɗa?

Da rana shi ne ɗan aiken manyan jirage biyu masu tafiya da iska, Cumberland da Congress, waɗanda suka jefa anga a gaban Newport News don rufe bakin Kogin James. Yakan yi jigilar mutane da saƙo da kaya tsakaninsu da gaɓa. Da dare kuma yakan fita sintiri a bakin kogin, don kada jiragen Kudu su sulalo cikin duhu ba tare da an farga ba. Kowa a ayarin ya san ana gina wani jirgi mai sulke a Gosport, an kuma daɗe ana jiran fitowarsa har wasu sun fara ɗaukar maganar almara. Irin wannan aiki na maimaici, ba kwana ba hutu, shi ne kusan dukan rayuwar Zouave a soja, in ban da yini ɗaya da amsa ta gaba ta yi bayaninsa.

Me ya faru ranar 8 ga Maris, 1862?

Ranar Asabar ce, ranar wanki a jiragen ayarin, kayan ma'aikata suna shanye a kan igiyoyi. Jim kaɗan bayan tsakar rana, Zouave yana ɗaure a matsayar Newport News, aka hango baƙin hayaƙi daga wajen Kogin Elizabeth. Reaney ya kwance jirginsa ya matsa kusa da Cumberland, inda aka umarce shi ya je ya gano ko mene ne. Abin da ya tarar, kamar yadda ya bayyana a rubutunsa bayan yaƙin, ya yi kama da rufin wani ƙaton rumbu yana tafe a kan ruwa yana aman hayaƙi. Virginia ne, ƙarƙashin jagorancin Franklin Buchanan, tare da ƙananan jirage biyu masu rakiya. Zouave ya buɗe wuta da igwarsa ta gaba, ya yi harbi kamar sau shida, Virginia kuwa ko gezau, bai ma ɓata harsashi a kansa ba. Daga nan Cumberland ya ɗaga tutar kira, ɗan jirgin ya juyo.

Virginia ya wuce Congress suna musayar wuta, ya nufi Cumberland kai tsaye ya soke shi da ƙahonsa. Mutanen Cumberland sun ci gaba da harbi har ruwa ya cinye igwoginsu, harsasansu suna tsalle daga jikin sulken, jirgin ya nitse da tutarsa a ɗage, mutum 121 suka mutu. Ganin haka, Laftanar Joseph Smith na Congress ya yanke shawarar kai jirginsa ruwa marar zurfi, inda Virginia, wanda cikinsa ya nitse ƙafa 22, ba zai iya biyo shi ya tunkuye shi ba. Sai dai Congress ba shi da inji. Nan ne aikin Zouave na asali ya taso: ya manna jikinsa da na babban jirgin, aka ɗaure su, ya ja shi a cikin ruwan harsashi har ya kafe a kusa da gaɓa.

Virginia ya zagayo ya tsaya ta bayan Congress, inda igwa biyu kawai za su iya kai masa hari, ya shiga yi masa luguden wuta daga baya zuwa gaba. Zouave yana nan ɗaure a gefensa duk tsawon lokacin, kuma Reaney ya ba da labarin yadda jini yake kwararowa daga magudanan Congress yana zuba a kan daɓen jirginsa kamar ruwan wanki. An kashe Smith, aka ɗaga farar tuta, Zouave ya yanke igiyoyinsa don kada ya faɗa hannun abokan gaba, ya nufi Minnesota, wani babban jirgin da ya kafe a tabo yana ƙoƙarin kawo ɗauki. A hanya harsashi ya same shi ta baya ya lalata ƙarfen da ake juya akalarsa da shi, har sai da wani jirgi ya taimaka masa. Congress kuwa, bayan sojojin da ke gaɓa sun harbi 'yan Kudun da suka je karɓar fursunoni, kuma an raunata Buchanan a cinya, an harba masa jajayen harsasai masu zafi, ya kama da wuta, ya tarwatse cikin dare. Rundunar ruwan Amurka ba ta sake ganin yini mai muni kamar wannan ba sai a harin Pearl Harbor na 1941.

Tun da Congress ya halaka duk da haka, wane amfani jan ya yi?

Jan bai ceci jirgin ba, kuma ana iya cewa kafewar ce ta mayar da shi abin hari da ba ya motsi. Amma wanda ya dubi abin da ya sami Cumberland zai ga bambancin. Shi an soke shi ne a ruwa mai zurfi, ya tafi ƙasa da raunanan da ba a samu damar fitarwa ba. Congress ya kafe kusa da gaɓa, a ƙarƙashin kariyar bindigogin sojojin ƙasa, don haka yawancin mutanensa da suka rayu sun isa tudu, a kwale-kwale ko da iyo, maimakon su nitse ko a kwashe su duka fursuna. Haka kuma 'yan Kudu ba su samu damar jan jirgin zuwa Norfolk a matsayin ganima ba.

Akwai kuma lissafin lokaci. Sa'o'in da Virginia ya ɓata a kan Congress sun ci yammacin, kuma lokacin da ya juya ga Minnesota ruwa ya fara janyewa, duhu na gabatowa, sai matuƙansa suka ba da shawarar a koma a dawo da safe. A daren ne Monitor, jirgi mai sulke na Arewa wanda John Ericsson ya tsara, ya iso. Washegari, 9 ga Maris, jiragen biyu suka shafe kimanin sa'o'i huɗu suna fafatawa ba wanda ya huda wani, Minnesota ya tsira, toshewar kuma ta ci gaba. Ba daidai ba ne a ɗora wannan sakamako duka a kan ɗan jirgin ja, amma yana da kaso a cikin jinkirin.

Gaskiya ne Zouave ne ya yi harbin farko a wannan gumurzu?

Daga ɓangaren Arewa, shi ne ya fara, domin shi aka tura gaba, kamar yadda aka bayyana a labarin ranar 8 ga Maris. Daga ɓangaren Kudu kuwa, mutanen Beaufort, ɗaya daga cikin masu rakiyar Virginia, su ma sun ce igwarsu ce ta buɗe faɗan. Kowane ɓangare yana ƙirgawa ne daga abin da ya gani, kuma babu harbin ɗayansu da ya sauya komai.

Shi kaɗai ne jirgin ja a wannan labari?

Ko kusa. Idan aka bi labarin a tsanake, kusan kowane mataki da jirgin ja a cikinsa. Cumberland kansa ya tsira daga gobarar Gosport ta 1861 ne saboda an ja shi an fitar, da taimakon wani jirgin ja mai suna Yankee. Monitor, duk da sunan da ya yi, bai iya doguwar tafiyar teku shi kaɗai ba: jirgin ja Seth Low ne ya jawo shi daga New York tun ranar 6 ga Maris, kuma a ranar ƙarshe ta shekarar 1862 ya nitse a gaban Cape Hatteras ana cikin jan sa, da mutum 16. Roanoke, ɗaya daga cikin manyan jiragen ayarin, injinsa a lalace yake ranar da Virginia ya fito, sai da aka ja shi. Ranar 9 ga Maris kuma harsashin Virginia ya fasa tukunyar tururin wani jirgin ja, Dragon, yana gefen Minnesota.

'Yan Kudu, waɗanda ba su da rundunar ruwa a farkon yaƙin, sun fi ma dogara da irinsu. Teaser, wanda ya sauko daga Kogin James ya shiga faɗan, jirgin ja ne, kuma a watan Yulin 1862 aka kama shi ɗauke da balan-balan ɗin leƙen asiri. A Kogin Mississippi, Manassas, jirginsu na farko mai sulke, daga jikin wani jirgin ja aka ƙera shi. Wani abin ban sha'awa shi ne, da jiragen jan Arewa suka yi yawa, sai aka koma raɗa musu sunayen furanni, irin su Dandelion da Daffodil da Geranium.

Toshewar da waɗannan jirage suka yi wa hidima ta yi tasiri kuwa?

Masana tarihi sun daɗe suna jayayya a kai, domin amsar ta danganta da abin da aka ƙirga. Idan jiragen fasa-ƙwauri aka duba, waɗanda galibi a Birtaniya aka ƙera su, dogaye, marasa tsayi, masu fenti ruwan toka, masu tasowa daga Nassau da Bermuda da Havana a daren da babu farin wata, to mafi yawan tafiye-tafiyensu sun yi nasara, sun kuma shigar da bindigogi da albarushi da magani. Amma waɗannan ƙananan jirage ne da aka gina don gudu, ba don ɗaukar kaya mai yawa ba. Manyan jiragen kasuwa da suka saba loda auduga sun daina zuwa gaba ɗaya, fitar da audugar ta faɗi da kusan kashi 95 cikin ɗari, gishiri da kofi da ƙarfen layin dogo suka yi wuya, kuɗin Kudu ya zube. An kama ko an lalata jiragen fasa-ƙwauri kusan 1,500. Tashar Wilmington ce babbar ƙofa ta ƙarshe a gaɓar Atlantika, ita ma ta rufe da faɗuwar Fort Fisher, sansanin da ke tsare mashigarta, ranar 15 ga Janairun 1865.

Tasirin ya tsallaka teku. Masaƙun Lancashire a Ingila, waɗanda mafi yawan audugarsu daga jihohin Kudu na Amurka take zuwa, sun shiga matsi, dubban ma'aikata suka zauna ba aiki, 'yan kasuwa kuma suka juya ga Indiya da Masar.

Ma'aikatan jirgin ja suna samun rabon ganima?

Dokar ta shafe su kamar kowa. Jirgin da aka kama yana karya toshewa akan kai shi kotu, idan ta tabbatar da laifin a yi gwanjonsa da kayan cikinsa, a mafi yawan lokuta gwamnati ta ɗauki rabi, sauran rabin a raba wa waɗanda suka yi kamun gwargwadon muƙami, har da jiragen da ke kusa iya inda za a ga alamar tuta. Sai dai babban kamu yana bakin Wilmington da Charleston, kuma jirage masu gudu ne suke yin sa. Wanda aka ajiye a bakin kogi yana jan wasu da kai saƙo, kamar yadda aka bayyana a amsar da ta shafi aikin yau da kullum, abin da yakan faɗo masa bai wuce ƙananan jiragen da ke satar ƙetarawa da ɗan kaya ba.

Yaya ƙarshen Zouave ya kasance?

Bayan gumurzun an kai shi gyara, ya kuma koma ayarinsa. Barazanar da ta sa ake sintirin dare a bakin Kogin James ta kau ranar 11 ga Mayun 1862, lokacin da 'yan Kudu suka tarwatsa Virginia da hannunsu bayan sun rasa Norfolk, amma bukatar ja da gadi da aike ba ta ragu ba, kuma a kanta ya ci gaba har yaƙin ya ƙare. A watan Yunin 1865 aka sallame shi daga aikin soja a New York, a watan Yuli kuma aka yi gwanjonsa a can, tare da ɗimbin jiragen da gwamnati ta saya cikin gaggawa shekaru huɗu da suka wuce. Hasumiyar igwar Monitor, wadda aka tsamo daga ƙarƙashin teku a 2002, tana gidan tarihin jiragen ruwa na Newport News, gawar Cumberland kuma tana nan kwance a ƙasan ruwa a gaban garin, ba nisa da matsayar da Zouave yake ɗaure lokacin da aka hango hayaƙin.